Kilo ko ƙidaya: yadda ake ƙera leda da inda ribar take ɓuya

Yayana yana da ƴar sana'ar fiya wata a nan Tawa, ɗaki biyu da tanki da mashin guda. A bazarar da ta wuce, lokacin da ruwan sanyi ke tafiya kamar ana rabon sadaka, na tarar da shi tsugune gaban sikeli yana jujjuya wani rulon leda, ransa a ɓace. Nauyin rulon daidai yake da abin da ya biya, ko giram bai ragu ba. Sai dai ɗan'uwansa da aka ɗora wa mashin jiya ya ƙare tun da la'asar sakaliya, alhali irinsa kan kai su bayan magariba.

"Yaya, ko yaran ne ke ɓarna?" na ce.

"Ba yara ba ne. Ɗebo mini ruwa a kofi."

Ya yanki ɗan guntu daga ragowar tsohon rulo, ya danna shi cikin ruwan da yatsa har ƙwayoyin iska suka rabu da shi. Yana sakin sa ya taso sama. Ya yanki na sabon rulo ya yi masa haka nan, sai ga shi yana nutsewa a hankali har ya kwanta a gindin kofi.

"To ka gani, ƙanena. Wagga dutse anka zuba mata."

Ba a gane abin da ya faru cikin kofin nan sai an san yadda masana'antar leda, ko izin kamar yadda muke cewa a Nijar, take samun kuɗinta. Wanda ya gane wannan kuma zai gane dalilin da baƙar ledar kasuwa ke yagewa tun ba a kai gida ba, alhali ledar abincin yara masu tamowa na yin shekara biyu abin cikinta bai lalace ba.

Sana'ar ba da man fetur ta faro ba, da itace ta faro. Wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Jacques Brandenberger, masanin sinadarai da ke aiki a masaƙa a Faransa, ya so ya yi ƙyallen tebur da ba ya shan ruwa. Ya shafa wa yadi wani ruwa da aka narko daga ɓargon itace, yadin ya sandare ya ƙi amfani, amma abin da ya shafa ya ɓamɓaro a matsayin fallen abu garai-garai da ake hango komai ta cikinsa. A 1908 ke nan. Ya yi rajistar na'urarsa a 1912, aka kafa kamfanin La Cellophane, daga nan sunan selofen ya bi duniya. Kamfanin DuPont na Amurka ya sayi izinin ƙera shi a 1923. Matsalarsa ita ce ruwa ba ya ratsa shi amma laima na ratsawa, biskit ya yi laushi a ciki, sai a 1927 wani ma'aikacin DuPont, William Hale Charch, ya gano abin da za a shafa masa ya toshe wannan ƙofa.

Ledar da muka sani kuwa bisa tsautsayi aka same ta. A watan Maris na 1933, wasu ma'aikata biyu na kamfanin ICI a Ingila, Eric Fawcett da Reginald Gibson, suna matse iskar etilin da ƙarfi mai tsanani don wani gwaji daban, suka buɗe tukunya suka ga wani farin abu kamar kakin zuma ya manne a ciki. Shi ne poliyetilin. An fara ƙera shi gadan-gadan ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da Jamus ta afka wa Folan, don haka yaƙi ya riga kasuwa samun sa: wayoyin na'urar hango jiragen sama aka dinga lulluɓewa da shi. Bayan yaƙi, Karl Ziegler a Jamus da Giulio Natta a Italiya suka gano hanyar yin sa ba tare da wannan matsanancin matsi ba, Natta kuma ya fito da ɗan'uwansa polipropilen a 1954. Sun raba kyautar Nobel a 1963. Jakar leda mai hannu biyu, wadda mai tumatir ke miƙo maka, wani injiniyan Suwidin ne, Sten Gustaf Thulin, ya tsara ta, kamfaninsa Celloplast ya yi mata rajista a 1965. Wato kakanninmu da suka yi fatauci da taiki da salka da tandu ba su san ta ba, iyayenmu ma da takardar buhun siminti aka ƙunsa musu tsire.

Masana'antar leda ba ita ke yin roba ba, saya take yi. Wannan shi ne abu na farko da mutane ke rikitawa. Roba na zuwa mata a buhu mai kilo 25, ƙwayoyi farare kamar shinkafa ƴar gwamnati amma sun fi ta kauri, daga manyan kamfanonin sinadaran man fetur irin su SABIC na Saudiyya ko Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, wanda ƴan kasuwa suka saya daga hannun gwamnatin Najeriya a 2006. Can ne ake fasa iskar gas ko wani sashe na ɗanyen mai a zafin da ya haura digiri 800 a fitar da etilin, a ɗinke shi ya zama ƙwayar roba. Matatarmu ta SORAZ da ke Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011 da ganga 20,000 a rana, isansi da gazuwal da gas na girki take fitarwa. Ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya faɗa jirgin ruwa a Seme ta ƙasar Benin, duk mai son yin leda a Yamai kuma sai ya yi odar ƙwayar roba daga waje. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Yanzu mu shiga ɗakin injin. Wanda ya taɓa leƙa cikin injin markaɗe ya ga murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke tura hatsi gaba, ya ga rabin abin. Ana juye ƙwayar roba a mazurari, ta faɗa kan murɗaɗɗen ƙarfe mai tsawo da ke juyawa cikin bututu mai zafi, yana tura ta yana murza ta har ta narke ta koma kamar tuwon da bai daskare ba, a zafi wajen digiri 200. A ƙarshen bututun akwai baki mai siffar zobe da ke kallon sama. Narkakkiyar robar na fitowa ta wannan siririyar kafa a zagaye, kamar hannun riga, sai a hura iska ta tsakiya. Nan take ta kumbura ta zama doguwar balan-balan mai sheƙi da ke hawa sama ba tsayawa, wani lokaci tsawon bene biyu ko uku, iska mai sanyi na busa ta daga waje tana daskarewa a hanya. A can ƙololuwa wasu gammunan ƙarfe biyu ke matse ta ta kwanta, a sauko da ita a naɗe a rulo. Iskar cikin balan-balan ɗin ba ta fita, tana nan a tsare tsakanin bakin ƙasa da matsin sama, robar ce kawai ke wucewa ta kewayenta.

Duk gwanintar mai kula da injin a abu uku take: yawan robar da ke fitowa, yawan iskar da aka hura, da saurin jan da ake yi daga sama. Ƙara iska, leda ta yi faɗi. Ƙara saurin ja, ta yi siriri. Kaurin kuma da mikron ake auna shi, wato milimita guda a raba ta dubu. Gashin kan mutum wajen mikron 70 ne. Baƙar ledar kasuwa sau da yawa ba ta kai 20 ba.

Tawada ba ta kama leda haka kawai, kamar yadda ruwa ba ya zama a bayan agwagwa. Sai an bi da ita ta ƙarƙashin wani tartsatsin lantarki da ke ɗan ƙona fuskarta yadda ido ba ya gani, sannan a kai ta injin bugu, inda kowane launi ke da nasa gammon ƙarfe. Shi ya sa mai ƙaramar sana'a da ya je neman leda mai sunansa ake ce masa sai ya biya kuɗin zane tukuna, kuma sai ya sayi kilo ɗaruruwa a tashi ɗaya. Matan da ke sarrafa kilishi da cuku da garin zogale sun san wannan ciwo: kayansu ya fi na kanti daɗi, amma suna zuba shi a farar leda su liƙe da kyandir su manna takarda, domin kuɗin odar farko ya fi jarinsu duka.

To, mu dawo ga kofin yayana.

Mai masana'anta da kilo yake sayen roba, ita ce kuma ke cinye mafi yawan kuɗin da yake kashewa. Amma wajen sayarwa kasuwa biyu gare shi. Akwai masu saye da ƙidaya, kamar dillalin da ke ɗaukar baƙar leda ɗauri-ɗauri ya kai kasuwar Katako ta Yamai ko kasuwar Tawa, da mai tebur da ke sayen fakiti. Akwai masu saye da kilo, kamar masu fiya wata da masu yawur da ke ɗora rulo a mashin. Kowace kasuwa da irin ha'incin da take gayyata.

Lissafin mai sauƙi ne. Kilo guda na poliyetilin, in aka ja shi a kaurin mikron 50, yana shimfiɗa kusan murabba'in mita 22. In aka ja shi a 25, ya ba da 43 da ɗoriya. Roba ɗaya, wuta ɗaya, ma'aikata ɗaya, amma jaka ta ninka. Mai sayen fakiti ƙirgawa yake yi, ba ya aunawa, don haka duk wanda ya fi siranta ledarsa shi ke karya farashi, sauran kuma dole su bi shi ko su rufe. Haka aka yi ta tsere zuwa ƙasa har aka iso ga ledar da mai shago ke ninka maka biyu in ka sayi tiya guda ta shinkafa. Ba mugunta ce ta mutum ɗaya ba, tsarin cinikin ne ke saka wa mai sirantawa. Baƙin launin ma yana da aikinsa. Tsofaffin ledoji da guntayen roba da aka niƙa aka sake narkawa ba sa ba da launi mai kyau, sai a zuba musu baƙin gari ya rufe asiri. Ni dai tun da na san haka na daina yarda a zuba mini koko ko tuwo mai zafi a baƙar leda, don ba wanda zai iya gaya maka me robar ta ɗauka a rayuwarta ta farko.

A kasuwar kilo kuwa dabarar juyewa take yi. Nan ba siranta ake so ba, nauyi ake so. Akwai garin farin dutse, dangin alli, da ake cakuɗawa da roba. Yana da araha ƙwarai, kuma ya kusa ninka roba uku a nauyi. Kaɗan daga cikinsa ba laifi ba ne, wasu ledojin ma don su aka yi shi. Amma in aka cika shi a rulon da za a sayar da kilo, mai saye ya biya kuɗin roba ya kwashi dutse. In kashi 20 cikin 100 na nauyin rulo garin dutse ne, tsawon ledar na raguwa da kusan kashi 13, a kauri ɗaya. Tsantsar poliyetilin ta fi ruwa sauƙi, shi ya sa take tasowa. Wadda aka cika wa dutse ta fi ruwa nauyi, sai ta nutse. Ƙari a kan haka, liƙinta ba ya kamawa sosai. A makon nan yayana ya yi ta karɓar ƙorafi daga masu firiji, buhu mai ɗauke da ashirin sai a tarar biyu ko uku sun tsiyaye. A sana'ar da ake sayar da ƙulli ɗaya dala biyar, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kada mai karatu ya ɗauka leda duka wannan ce. Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce wadda ba ma kiran ta leda a raina mata. Ɗauki fakitin Plumpy'Nut, abincin gyaɗa da madara da ake ba yara masu tamowa, wanda André Briend da kamfanin Nutriset na Faransa suka haɗa a 1996. A yunwar 2005 aka yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi, kuma kamfanin STA na yin sa a Yamai. Giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500, yana shekara biyu ba firiji. Abin cikin mai ne da madara, waɗanda zafinmu kan lalata cikin ƴan kwanaki. Abin da ke tsare su shi ne fakitin, wanda ido ke gani falle ɗaya alhali falle-falle ne aka manne: na waje mai ƙarfi da ke ɗaukar rubutu, na tsakiya mai ƙyallin azurfa da ke tare haske da iska, na ciki mai laushi da ke narkewa ya liƙe baki. Irin wannan ƙyalli, wanda ake gani a ledar biskit da ta madarar gari, sanholo ne da ake tafasawa a ɗakin da aka zuƙe wa iska, tururinsa ya sauka a kan leda, kaurinsa bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na mikron ba. Ba don wannan fakiti ba da sai uwa ta kwanta da ɗanta a likita makonni, maimakon ta karɓi na mako ta koma ƙauye.

Ko kuma buhun PICS da manoman wake suka sani, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka yi aiki a kansa a nan gida, aka fara yaɗa shi a yankinmu daga 2007. Leda biyu ne a ciki, kowace mikron 80, da buhun saƙa a waje. A zuba wake a ɗaure kowane baki daban, ƙwarin ciki su shanye ƴar iskar da ta rage su mutu, ba a sa ƙwayar magani ko ɗaya ba. Duk sirrin a kaurin yake. Manomin da aka sayar wa na jabu mai siririyar leda, ranar da ya kwance buhu gari zai tarar.

Masu yin leda mai ƙarfi da sheƙi irin ta biskit da fallen waje na fakitin Plumpy'Nut manyan kamfanoni ne, don injinsu ba na balan-balan ba ne. Ana zubo robar a shimfiɗe kamar tabarma mai kauri, a ja ta a tsaye wajen ninki biyar, sannan wasu ƴan maƙatai su kama gefunanta biyu su shiga da ita doguwar tanda suna buɗewa, ta miƙe a kwance ninki takwas ko fiye. Wannan ja ta fuska biyu shi ke ba ta ƙarfi da sheƙi da ƙarar nan ta ƙaras-ƙaras. Faɗin abin da ke fitowa kan kai mita takwas zuwa goma, kuma injin ɗaya na iya ƙosar da ƙasashe da dama. Ƴan Indiya sun yi nisa a nan. Kamfanin Uflex, wanda Ashok Chaturvedi ya kafa a 1985 yake da cibiya a Noida kusa da Delhi, ya bi kasuwa ya kafa masana'antu a Dubai da Meziko da Masar da Folan da Amurka, a ƴan shekarun nan kuma ya buɗe wata a jihar Ogun ta Najeriya. Dubi inda suke zaɓa: kusa da tashar jirgin ruwa ko kusa da masu sayen dubban tan, inda za a sami wuta ba yankewa.

Wutar nan ita ce ƙashin bayan komai. Injin leda ba a kashe shi a kunna kamar na niƙa. In kuran ya ɗauke, balan-balan ta faɗi, robar cikin bututu ta fara sandarewa, sai an sake ɗumama shi an zubar da abin da ya fara fitowa kafin leda ta daidaita. Ɗaukewar minti biyar na iya cin aikin sa'o'i. Lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga can yake zuwa. Haɗa da rufe iyakar Benin, wadda ta sa kayan da ke biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina. Mai masana'anta a Yamai yana biyan kuɗin doguwar hanya a kan ƙwayar roba, ya biya gazuwal na janareta, sannan ya fito kasuwa ya tarar da ledar Kano da Legas ta riga shi shigowa ta Ƙonni da Maraɗi. Mu nan Tawa ma Illelar Najeriya ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba.

Doka kuwa akwai ta. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta haramta ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da siraran ledoji. Wanda ya kalli ƙayoyin bayan gari da suka yi furen baƙar leda, ko ya tsaya wajen mahauta ya ga dunƙulen da ake cirowa daga tumbin akuya, ko ya ga magudanan Yamai a damina, ya san inda dokar ta tsaya. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya a 2017, kuma sun ɗaure abin da tara mai zafi da bincike a bakin iyaka. Tamu iyakar da Najeriya kusan kilomita 1,500 ce, kuma ɗaurin leda ba ya da nauyin da zai gagari babur. A ganina hani na gaba ɗaya a ƙasar da ruwan sha da yawur da maganin tamowa duk a leda suke tafiya, magana ce da ba mai iya cika ta. Abin da ake iya aunawa shi ne kauri. A ce ga mikron ɗin da ba a sauka ƙasa da shi, a tilasta buga sunan masana'anta da kaurin a jikin kowace leda, a ba ƴan duwan, wato jami'an kwastam, ɗan ma'aunin da ke shiga aljihu. Leda mai kauri ana maimaita ta, iska ba ta kwasar ta zuwa kan aduwa, kuma tana da nauyin da mai tsintar roba zai ga ribar durƙusa mata. A yi hattara kuma da wadda ake rubuta wa "mai ruɓewa": wani nau'inta garin sinadari kawai ake sa mata ta farfashe ƙanana-ƙanana ta shige ƙasa, Tarayyar Turai ma ta hana irin wannan tun 2021.

Yayana bai mayar da rulon ba, don wanda ya kawo shi ya ce shi ma haka aka ɗora masa. Ya dai canza yadda yake ciniki. Yanzu in an sauke kaya, kafin ya ƙirga kuɗi, yakan sa yaro ya warware mita goma daga rulo ɗaya, a naɗe a ɗora a ƙaramin sikelin masu zinariya da ya saya, ya duba lambar da ya rubuta da alli a bango. Kofin ruwan ma yana nan a kan taga, da almakashi a gefensa.